Fadar Mickey a Ƙasar Wasu

Kafin a san Urayasu da ɓeran nan mai faffaɗan kunnuwa, garin masunta ne. Yana bakin tekun Tokyo, a lardin Chiba, mutanensa suna cin abinci da kamun kifi da noman ciyawar teku da Japanawa ke naɗe shinkafa da ita. A 1958 wata masana'antar takarda ta sako dagwalon ruwanta cikin kogin da ke gangarowa garin, kifi ya mutu, masunta suka fusata har suka afka wa masana'antar. Daga ranar sana'ar ba ta ƙara komawa daidai ba. A 1960 kamfanin jirgin ƙasa na Keisei da kamfanin filaye na Mitsui suka haɗa jari suka kafa Oriental Land, da niyyar cike bakin tekun da yashi a mai da ruwa fili. Aka ɗora wa wani mutum mai suna Masatomo Takahashi aikin lallashin masunta su sayar da haƙƙinsu na kamun kifi. Ya yi ta zama da su, yau ciniki gobe hira, har zuwa 1971 da suka sallama gaba ɗaya. Fili ya samu. Sai tambayar me za a gina a kai.

Amsar da Oriental Land ya nace a kanta ita ce Disneyland, irin wanda Walt Disney ya buɗe a Anaheim ta jihar Kalifoniya a watan Yulin 1955. Sai dai masu abin ba su nuna ɗoki ba. Walt ya rasu tun 1966, waɗanda suka gaje shi sun buɗe babban dandalinsu na Florida a 1971, kuma duk wani kwabo da ke aljihunsu ya tafi ga ginin sabon dandalin EPCOT, wanda za a buɗe a 1982. Wa zai kwashi kuɗinsa ya zuba a kan yashin da aka ƙwato daga teku, a ƙasar da ake sanyin hunturu da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya? Da aka matsa musu, sai suka gindaya sharaɗin da suke ganin ya fitar da su daga kowace asara: ba za su sa ko sisi ba. Su za su zana, su sa ido, su ba da aron suna. Japanawa su gina, su mallaka, su gudanar, sannan su riƙa biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shiga da kashi 5 na cinikin abinci da tsaraba. Aka sa hannu a watan Afrilun 1979. A lokacin, mutanen Kalifoniya sun ɗauka sun yi wayo.

An buɗe Tokyo Disneyland ranar 15 ga Afrilun 1983, ana ruwa. Ya ci kimanin yen biliyan 180, kuma a shekarar farko kaɗai mutum wajen miliyan 10 suka shiga. Abin da Japanawa suka roƙa shi ne kada a sauya musu komai, Amurka suke so su gani ba Japan ba, don haka fadar Cinderella da ke tsakiyar dandalin kusan kwafin ta Florida ce, haka aka kwafo daga Amurka Space Mountain, jirgin gudun nan da ke hawa da gangara cikin duhu, haka kwale-kwalen 'yan fashin teku na Pirates of the Caribbean. Amma ƙasa ba ta barin baƙo yadda ya zo. Titin shiga, wanda a Amurka sararin sama ne rufinsa, a nan sai da aka yi masa rumfar gilashi saboda ruwa, aka sa masa suna World Bazaar, aka cika shi da kantuna, domin Bajapane ba ya komawa gida ko ofis daga tafiya hannu rabbana. Jirgin ƙasan da a sauran wurare yake zagaye dandali yana tsayawa tasha-tasha, a Tokyo tasha ɗaya aka yi masa, ya tashi daga nan ya dawo nan, saboda dokar jiragen ƙasa ta lokacin za ta ɗauke shi a matsayin jirgin haya in ya wuce haka. Hatta gugguru sai da ya zama ɗan gari: akwai mai zuma, akwai mai kori, akwai mai miyar waken soya da man shanu, kuma za ka ga layi a gaban keken mai gugguru ya kusa kamo layin jirgin wasa.

A 1984 shugabanci ya sauya a Disney, Michael Eisner da Frank Wells suka karɓi ragama. Suka buɗe littafi suka ga abin da Tokyo ke samu da abin da ke isowa hannunsu, suka ciji yatsa. Ga sunansu, ga zanensu, ga jama'a maƙil, amma ribar tana kwana a Chiba. Ko a gida ma akwai tsohon miki, domin a Anaheim Walt bai sayi fili da yawa ba, wasu suka zagaye shi da otal-otal suna kwasar kuɗin baƙinsa. Don haka da aka zo maganar Turai, aka ɗaura aniyar cewa wannan karon babu abin da zai zube a ƙasa. Duk wanda yake son fahimtar abin da ya faru a Faransa sai ya fara daga wannan cizon yatsa.

Sifaniya da Faransa ne suka yi takara. Sifaniya na da rana, Faransa na da jama'a da hanyoyi, kuma gwamnatinta ta yi shimfiɗa mai laushi: fili mai araha kusan hekta 2,000 a Marne-la-Vallée, kilomita 32 gabas da Paris, da bashi mai sauƙin ruwa, da alkawarin jawo layin jirgin ƙasa na birni har ƙofar dandali. Jacques Chirac, yana firaminista, ya sa hannu ranar 24 ga Maris 1987. Disney ya riƙe kashi 49 na kamfanin Euro Disney, aka sayar da sauran a kasuwar hannun jari, aka ciyo bashi mai nauyi daga bankuna. Ranar da Eisner ya je kasuwar hannun jarin Paris a 1989, da ƙwai da miyar tumatir masu zanga-zanga suka tarbe shi. Shahararriyar mai shirya wasan kwaikwayo Ariane Mnouchkine ta kwatanta aikin da bala'in Chernobyl, wai shi kuma al'ada zai gurɓata.

A yi wa Euro Disney adalci, ba ƙyashi aka yi a gininsa ba. Masu zane, ƙarƙashin jagorancin Tony Baxter, sun san cewa a ƙasar da fadojin gaske ke tsaye tun ɗaruruwan shekaru, ba za ka burge kowa da kwaikwayon fada ba. Sai suka gina wadda ba ta kama da ta kowane sarki, siririya, mai hasumiyoyi kamar an zaro ta daga littafin tatsuniya, da itatuwan da aka aske su murabba'i a gefenta. A ƙarƙashinta akwai kogo. Kana shiga sai sanyi da duhu su tare ka, ka ji ɗigar ruwa, idonka ya ɗan saba, sannan ka hango dodo kwance a bakin kududdufi da sarƙa a wuyansa. Yana barci. Can sai ya ɗaga kai a hankali, ya buɗe ido, hayaƙi ya fito daga hancinsa, yara su ƙanƙame iyayensu. Babu layi, babu tikiti na daban, kawai an ajiye shi ne don wanda ya leƙa. Jirgin Big Thunder Mountain kuwa a tsibiri aka kafa shi tsakiyar tafki, yana bi ta ƙarƙashin ruwa ya je ya dawo. Gidan fatalwa na dandalin Amurka aka sake masa labari da suna ya zama Phantom Manor. Sashen da a Amurka ke nuna duniyar gobe, a nan aka gina shi bisa hasashen marubucin Faransa Jules Verne.

An buɗe ranar 12 ga Afrilun 1992, kuma mutane sun zo, miliyoyinsu. Matsalar ba ta ƙofa ba ce. An gina otal har guda bakwai masu ɗakuna sama da 5,000 a wurin da jirgin ƙasa ke kai mutum tsakiyar Paris cikin ƙasa da awa ɗaya, to wa zai kwana a gona alhali ga birni? Turai na cikin matsin tattalin arziki, baƙi suka riƙa shigowa da guzurinsu suna tsuke bakin aljihu. An hana giya a ƙasar da ba a raba ta da abincin rana, sai a 1993 aka janye dokar. Ma'aikata suka yi ƙorafin dokokin shiga da aski. Manoma suka tare hanyar dandalin da motocin noma a watan Yunin 1992, ba don Mickey ya yi musu laifi ba, sai don suna fushi da manufofin noma na Amurka kuma shi ne Ba'amurken da ya fi kusa. A kan duk wannan ga ruwan bashi yana hauhawa. Zuwa 1994 maganar rufewa ake yi a fili. Bankuna suka yi sassauci, Disney ya jingine karɓar kasonsa na wasu shekaru, Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya sayi kusan kashi ɗaya bisa huɗu na hannun jari. Aka cire kalmar Euro, wadda a kunnen Bature ta fi kama da harkar banki, aka koma Disneyland Paris. A 1995 aka buɗe nasu Space Mountain, wanda wata ƙatuwar igwa ke harba jirginsa sama kamar yadda Verne ya hasaso tafiya wata, kuma a shekarar ce wurin ya fara ganin riba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Bayan Paris, Eisner ya koma gini da hannu a dunƙule, kuma shekarun 2001 da 2002 sun nuna bambancin a fili. A Fabrairun 2001 Disney ya buɗe California Adventure kusa da tsohon Disneyland, da kuɗinsa, bisa tsimi, jama'a suka yi masa kallon hadarin kaji. A Maris 2002 ya buɗe Walt Disney Studios a Paris, don yarjejeniya ta wajabta dandali na biyu, wuri ne da a lokacin rabin yini ya ishe ka ka gama da shi. Tsakanin waɗannan biyu, ranar 4 ga Satumbar 2001, Oriental Land ya buɗe Tokyo DisneySea. Masu zanen ɗaya ne, mai biya ne daban. Yen biliyan 335 aka kashe. Aka tayar da dutse mai aman wuta a tsakiya, Mount Prometheus, cikinsa akwai jirgin da ke kai ka wai tsakiyar ƙasa ya cillo ka waje ta gefen dutsen. Aka yi tashoshin ruwa daban-daban, ɗaya kamar Italiya, ɗaya kamar tsohuwar New York, ɗaya kuma Arabian Coast, mai ƙubbobi da kasuwa, inda kwale-kwale ke bi da kai cikin tafiye-tafiyen Sindbad, wanda mai karatun Hausa ya sani tun daga Dare Dubu da Ɗaya. Har yau masu yawon irin waɗannan wurare da yawa suna cewa babu kamarsa a duniya. A ganina wannan shi ne abin dariyar labarin gaba ɗaya: dandalin Disney da ya fi kowanne kyau, ba na Disney ba ne.

Hong Kong ta shigo ne a lokacin tsimin. Rikicin kuɗi na Asiya ya girgiza birnin, gwamnatin Tung Chee-hwa na neman abin da zai jawo baƙi, aka ƙulla yarjejeniya a Nuwamban 1999: gwamnati kashi 57, Disney kashi 43, kuma gwamnati ce za ta cike tekun Penny's Bay a tsibirin Lantau ta shimfiɗa hanya da layin dogo. Darasin da aka ɗauko daga Paris shi ne a girmama al'ada, kuma an yi. Aka kira masana feng shui, ilimin Sinawa na daidaita gini da muhalli, aka karkata ƙofar shiga da digiri 12, aka lanƙwasa hanyar da ta taso daga tashar jirgi don kada sa'a ta zarce teku. Aka kauce wa lamba 4 a benayen otal saboda lafazinta ya yi kama da mutuwa. Aka cire miyar fiffiken kifin shak daga jerin abincin biki bayan masu kare muhalli sun yi ca. Abin da aka manta shi ne a gina wasannin da za a hau. Ranar 12 ga Satumbar 2005 aka buɗe wuri mafi ƙanƙanta a gidan Disney, babu gidan fatalwa, babu 'yan fashin teku, babu Big Thunder, ga fadar da aka kwafo daga Anaheim ta zama 'yar mitsitsiya a gaban duwatsun Lantau. A sabuwar shekarar Sinawa ta 2006 wurin ya cika aka rufe ƙofa, alhali ga iyalai da suka taso daga babban yankin Sin da tikiti a hannu. Kyamarori suka ɗauki mutane suna girgiza ƙarfen shinge, wasu na ɗaga 'ya'yansu suna miƙa su ta sama. Shekarar farko ta ƙare da baƙi miliyan 5.2, ƙasa da miliyan 5.6 da aka yi hasashe, kuma tsohon dandalin gari, Ocean Park, ya ci gaba da cin kasuwarsa.

Araha ba ta ado, sai da aka dawo aka biya abin da aka ƙi biya da farko. Tsakanin 2011 da 2013 aka ƙara sassa uku, Toy Story Land da Grizzly Gulch da Mystic Point, kuma a 2012 wurin ya fara riba. Na ukun ne ya cancanci a tsaya a kansa. Sinawa ba sa wasa da ruhin matattu yadda Amurkawa ke yi, don haka ba a kawo gidan fatalwa ba, aka ƙirƙiro Mystic Manor, gidan wani attajiri mai tara kayan tarihi da birinsa Albert. Birin ya buɗe wani akwatin kiɗa da aka hana shi taɓawa, sai duk kayan gidan suka farka, zane na motsi, sulke na rawa, kibau na tashi. Keken da kake ciki ba ya bin dogo, kwamfuta ce ke tuƙa shi a kan daɓe, ya juya, ya ja baya, ya haɗu da 'yan uwansa su rabu, fasahar da Tokyo ta fara nunawa a 2000 a wasan Winnie the Pooh. Tilas ce ta haifi wannan wasa, kuma ya fi da yawa daga waɗanda aka kwafo. Daga baya aka ɗaga fadar ta yi tsawo a 2020, aka buɗe sashen Frozen a Nuwamban 2023.

Da aka zo Shanghai, Bob Iger ne shugaba, kuma ya ƙi maimaita kuskuren ko wanne ɓangare. Gwamnatin Sin ta amince a 2009, aka fara tono a Afrilun 2011 a yankin Pudong, aka buɗe ranar 16 ga Yunin 2016 bayan an kashe dala biliyan 5.5. Kamfanin gwamnati Shendi na da kashi 57 na mallaka, amma a kamfanin da ke gudanar da wurin Disney ne ke da kashi 70. Baƙin da ake jira ba su tashi da ƙaunar tsohuwar Amurka ba, don haka aka zubar da kayan gado da yawa. Babu titin ƙauyen Amurka, babu jirgin ƙasa mai zagaye, babu Space Mountain. A madadinsu aka yi lambu mai faɗi inda kakanni za su zauna su jira jikoki, da bangon dabbobi 12 na kalandar Sinawa, da fada mafi girma da Disney ya taɓa ginawa. Aka kawo TRON, jirgin gudu da ake hawa a duƙe kamar mai tseren babur, da sabon Pirates wanda kwale-kwalensa ke juyawa gefe da baya tsakanin manyan allunan majigi har ka rantse ka nutse ƙarƙashin teku. Mutum miliyan 11 suka shiga a shekarar farko. Ba a rasa tuntuɓe ba: a 2019 wata ɗalibar shari'a ta kai ƙara kan hana shiga da abinci daga waje, aka sassauta dokar, sannan a daren 31 ga Oktoban 2021 aka kulle ƙofa da mutum sama da 30,000 a ciki, aka yi musu gwajin korona ana harba wasan wuta a sama. A Disamban 2023 aka ƙara sashen Zootopia, fim ɗin da ya samu karɓuwa ta musamman a Sin.

A hankali ruwa ya fara gudu ta baya. Wasan Ratatouille da aka buɗe a Paris a 2014 don ceto ƙaramin dandalin can, an kwafe shi zuwa EPCOT a 2021. An kwafi TRON daga Shanghai zuwa Florida a 2023. Kekuna marasa dogo da aka gwada a Tokyo da Hong Kong su ne yanzu ƙashin bayan manyan wasannin Amurka. Paris kuwa, a 2017 Disney ya saye hannun jarin kowa, har da mafi yawan na yariman Saudiyya, ya zama mai shi kaɗai bayan shekara 25, sannan a 2018 Iger ya tsaya tare da Shugaba Emmanuel Macron ya yi alkawarin zuba Yuro biliyan 2 don gyara abin da aka gina da ƙyashi a 2002. Sashen jaruman Marvel ya buɗe a 2022.

Ranar 7 ga Mayun 2025 aka sanar da wuri na gaba, tsibirin Yas a Abu Dhabi. Kamfanin Miral na can shi zai gina, ya mallaka, ya gudanar. Disney zai zana, ya sa ido, ya ba da aron suna, ya karɓi kasonsa, kusan takardar da aka sa wa hannu a 1979 kuma aka yi shekara 40 ana nadamarta. A Urayasu kuwa, Oriental Land ya buɗe Fantasy Springs a Yunin 2024 da yen biliyan 320, sannan ranar 31 ga Yulin shekarar ya rufe Space Mountain ɗin da ke aiki tun ranar farko, don ya rushe shi ya gina sabo da ake sa ran buɗewa a 2027.